Manomin da Ya Bar Gyaɗa a Ƙasa

Kai da kake cewa aiki ya hana ka sanin halin da gidanka yake ciki, zauna ka ji labarin wani manomi. Lokacin cirar gyaɗa ne, kuma ka san gyaɗa ba ta jira: ƙasa na bushewa sai ta riƙe rabinta. Ya ɗebi 'yan ƙodago, kullum sammako, sai magariba. Matarsa tana goyo, ita ce jan ruwa, ita ce faskare, ita ce tuwon mutanen gona. Jaririn ya fara ramewa, nono ya ja baya, tsofaffi suka ce haƙori ne. Wata rana ƙotar fartanyarsa ta karye, ya dawo gida da hantsi neman wata. Ya tarar da ita a tsaye tana kankarar ƙanzo tana kaiwa baka, yaro yana tsala kuka a bayanta. Ashe kullum sai ta cika kwanukan gona, abin da ya manne a tukunya shi ne nata. Bawan Allah ya tsaya da karyayyar ƙota a hannu, kunya ta rufe shi.

Daga ranar, la'asar na yi sai ya saɓa fartanya ya nufo gida. Ya ja ruwa ya cika randuna, ya faskara itacen gobe, ya karɓi yaron ta samu ta miƙe bayanta. Kuma ya ce ba kwanon da zai fita gona sai ta ci ta ƙoshi. 'Yan ƙodago suka ga maigida ba ya nan, suka sassauta hannu. Abokai suka sa masa suna mijin-ta-ce, wani har ya tambaye shi ko a aiko masa da zane. Ya ce, "Gyaɗa in ta ƙi bana, akwai baɗi. Ɗan nan da uwarsa fa?" Wallahi mutumin nan ya burge ni, don asara ya yi ta gaske: ƙasa ta bushe, gefe guda na gonar ya tafi a banza, awaki suka yi biki. Amma kafin a gama sussukar dawa nono ya dawo, kumatun yaro suka ciko, matar ta koma sana'arta ta matsar man gyaɗa da ta daɗe da ajiyewa don gajiya. Da shekara ta zagayo aka je cira, yaron nan ne yake tafiya dagwai-dagwai a bayan uwarsa tsakanin kunyoyi. Ka ga, da ruwan ciki ake jan na rijiya.