Mai Dakon Kifi da Ƙaramar Kwantirola

Tanimu, ka ce in je gidan surukanka in yi maka biko, ka kuma rantse mini ba ka yi wa matarka komai ba, haka kawai ta naɗe kayanta ta tafi. Na ji. Amma ni ƙanin ubanka ne, tun kana rarrafe na san ka, kuma tun da ka zauna tabarma kake kallo. Mace mai 'ya'ya uku ba ta yin yaji don iska ta kaɗa. Bari in ba ka wani misali kafin in ɗauki sandata.

An yi wani mutum mai dakon ɗanyen kifi daga bakin dam zuwa birni. Motarsa tsohuwar bas ce da ya cire wa kujeru ya kafa firij a ciki. Kifin ba nasa ba ne, masunta ke ba shi amana ya kai ya sayar musu. Ba mugun mutum ba ne, sai dai Allah ya jarrabe shi da zargi. In ka gaishe shi da fara'a, sai ka ga ya shafa aljihu. Da ya gaji da sayen ƙanƙara, sai ya ƙudurta sa wa motar sola don firij ɗin ya samu wuta, amma ya ce ba zai bari mutum ɗaya ya haɗa masa komai ba, kada a cuce shi a dunƙule. Faifan da ke shan rana ya saya a wata kasuwa, ƙato, har ya kusa rufe saman motar. Batir kuma ya nemo a wata. Saura kwantirola, ɗan akwatin nan da ke zama tsakanin faifai da batir yana auna wutar da za ta shiga. Ita kuwa kowace da iyakar wutar da za ta iya ɗauka, kamar yadda kowane jaki yake da mangalarsa.

Ranar sayenta sai ya ajiye motar can bayan tasha, ya tako da ƙafa cikin tsohuwar riga, don kada mai shago ya hango faifan ya ce mai hali ya zo. Mai shago ya tambaye shi ƙarfin faifansa, ya ce in bai sani ba ya kawo motar a duba. Nan take zuciyarsa ta ce masa, ka ji ko, aljihunka yake son aunawa. Sai ya ce ai ɗan ƙarami ne, na kunna ƙwan lantarki biyu. Mai shago ya ce ko ya tabbata. Wannan tambaya ta biyu ita ta ƙara tabbatar masa lallai da wata a ƙasa, ya ɗaure fuska ya ce a ba shi abin da ya nema. Aka ba shi ƙarama. Ya koma ya haɗa wayoyin da hannunsa, don masu gyaran wuta ma bai yarda da su ba.

Ka san abin da ya yaudare shi? Marka ake yi. Rana na ɓoye a bayan gajimare, wutar da faifan ke kawowa kaɗan ce, ƙaramar kwantirolar ta iya da ita. Mutumin ya riƙa buga ƙirji a tasha, wai ya gano lagon 'yan kasuwa. Da damina ta ja baya, gari ya washe, rana ta fito da ƙarfinta, sai akwatin ya fara zafi, ana jin ƙaurin roba. Da mai hankali ne, da ya tambaya. Shi kuwa cewa ya yi 'yan tasha ne ke satar masa wuta suna cajin waya. Ya samo katako ya ƙera wa kwantirolar gida ba ko ƙofar shan iska, ya danna kwaɗo. Ta ƙone ƙurmus a ciki, ba wanda ya gani.

Washegari masunta suka yi babban kamu, suka cika masa firij taf. Batir ya ɗan ja shi da ragowar wutar jiya, kafin rana ta take ya mutu, firij ya yi shiru. Shi yana gaba yana tuƙi, hankalinsa na kan madubi, wai ko wata mota na bin sa. Da ya buɗe firij a kasuwa, ƙudaje suka riga masu saye zuwa. Wahalar mutane ta tafi juji, kuma daga ranar ko tarwaɗa ɗaya ba wanda ya sake ba shi. Wannan karon da motar ya je shagon, yana ihu an sayar masa da jabu. Mai shago ya taka tayar motar ya leƙa sama, ya sauko ya ce, "Malam, wannan ne na ƙwai biyun? Ga wadda ta dace da shi can a kan kantar shagona, tun ranar take kallon ka."

To Tanimu, yau ni ne mai shagon. In ka ce mini laifin ƙarami ne, da ƙaramar magana zan tafi. Surukinka ya zazzage mini babbar a zaure, in ƙone a gabansa da furfurata, matarka kuma ba za ta dawo ba. Tsoron da nake ji maka ke nan, don ina son gidan nan naka. Ɗago kanka ka faɗa mini abin da ka yi mata, duka, kada ka rage. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.