Ruwan da Ya Kwana a Injin

Dauren ya kwanta rigingine a ƙarƙashin tarakta, ya buɗe famfon lagireto, ya buɗe na jikin injin, ya jira har ɗigon ƙarshe ya faɗi. Tsohuwar tarakta ce, ruwa zalla take sha. A ƙauyensu na arewacin Kazakistan kuwa, duk wanda ya bar ruwa ya kwana a injin da hunturu, ƙanƙara za ta tsaga masa ƙarfen kamar ɓawon gyaɗa.

Mahaifinsa Sarsenbai yana zaune a kan kututture yana ba da umarni. A ɗora ta a kan katako, kada taya ta taɓa ƙasa. A toshe salansa da tsumma saboda ɓeraye. Giris bai isa ba, a ƙara. Batir a kai shi ɗaki kusa da murhu. Dauren ya san duk wannan tun bai fara gemu ba, amma ya yi yadda aka ce. Tsohon ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙin tarakta a gandun gwamnati na da, kuma har gobe labarinsa ɗaya ne: komai tsananin sanyi, shi ke fara tayar da injin kafin sauran direbobi su farka. Yanzu yakan nemi hularsa alhali tana kansa, amma bakin nan bai tsufa ba.

Dauren ne auta, kuma auta ke riƙe gida da iyaye. Yayyensa duk sun watse birni. Ya taɓa cewa shi ma da zai samu hanya da ya tafi. Subutar baki ce, amma wannan kam Sarsenbai bai manta ta ba.

Sanyi ya sauka. Marjan, matar Dauren, takan cika babbar tukunya ta bar ta a kan murhu don a samu ruwan ɗumi da safe. A farkon hunturun nan ta tashi ta tarar da ita wayam. Ta ce da mijinta ko wankan angwanci yake yi da asuba, shi kuma ya ce ita ce ta manta cikawa. Suka yi 'yar hayaniya, magana ta wuce.

Da dusar ƙanƙara ta narke, Dauren ya mayar da batir, ya miƙa hannu zai rufe famfunan nan. Ya tarar da su a rufe gam, duka biyun. Ya zuba ruwa, ruwan ya biyo gefen injin yana tsiyaya ta wata tsaga mai tsawon taƙi. Kuanish bakanike ya zo ya shafa wurin, ya goge hannu a wando, ya ce ruwa ne ya daskare a ciki, kuma wannan ya wuce walda.

"Da tafiya kake so, ai sai ka faɗa mini a fuska," in ji Sarsenbai. "Ba sai ka kashe ta ba."

"Baba, wallahi a buɗe na bar su. Ai kana zaune a wurin."

"Na ga ka shiga ƙarƙashi. Abin da hannunka ya yi a can, kai ka sani."

Ƙauye ba ya rasa alƙalai. Kafin mako ya zagayo, har waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba sun yanke hukunci: auta ya fasa injin don ya samu hujjar gudu. Maƙwabci ya huɗe musu gona bayan ya gama tasa, a makare, alkama ta fito a tsumbure. Sarsenbai ya daina karɓar kofin shayi in ya biyo ta hannun ɗansa. In an gama cin abinci ya ɗaga hannu yana sa albarka, sai ya ambaci kowa har dawaki, ya tsallake sunan Dauren.

Duk wannan Dauren ya haɗiye. Abin da ya karya shi Marjan ce, ranar da ta tambaye shi a hankali ko dai mantuwa ya yi, ai ɗan Adam ne. Bayan girbi ya ɗauki jakarsa ya tafi haƙar kwal a birnin Karaganda, ba sallama, ba albarka. Mutane suka ce ai dama sun faɗa.

Marjan ta zauna, don dole wani ya dafa wa tsohon abinci. Tana kiran mijinta, wani lokaci ya ɗauka, ya tambayi lafiyarta ita kaɗai. Haushinsa take ji, tana jin haushin kanta fiye da haka. Tarakta tana rumfa a kan katakonta, kaji na kwana a kujerar direba.

Ranar da sanyin sabon hunturu ya fara cizo, ƙarar murfin tukunya ta tashe ta da asuba. Ta fito ta tarar da tukunyar ba ko ɗigo, ƙofar gida a buɗe. Ta yafa mayafi ta bi sawun har rumfa. Surukinta ne tsaye gaban tarakta, fuskarsa fes kamar ta saurayi.

"Koma ciki, 'yata, akwai sanyi," ya ce yana murmushi. "Bari in ɗumama ta. Yau ma ni zan riga kowa fita a gandu."

Ya sunkuya ya rufe famfon nan biyu gam, ya ɗaga bokiti ya juye ruwan zafi a lagireto, ruwan ya biyo tsagar da ya kori ɗansa a kanta.