Ƙwaryar Iri a Tsakiyar Tafki

Ka ji misalin wani manomi da rumbunsa ya ƙone, ga damina ta kawo kai. Ya ari babbar riga ya tafi ƙauyen gaba roƙon irin gero, da ƙyar aka sam masa ƙwarya guda. A hanyar dawowa ya tsaya bakin tafki shan ruwa, ya ajiye ta a gangare. Kafin ya ɗago ta zame ta hau ruwa, iska ta tura ta kamar taku ashirin, sannan iskar ta kwanta. Mutumin nan ya dubi laka, ya dubi rigar aro, ya ce ai dabara ba ta ƙare ba. Ya jefa tsakuwa can bayan ƙwaryar, wai igiyar ruwa ta turo masa ita. Ruwa ya yi zobe-zobe, igiyoyi suka taho a jere, suka ɗaga ƙwarya suka sauke, suka wuce ta ƙarƙashinta har suka lashi yatsun ƙafarsa. Ƙwarya tana inda take. Ya ce ƙanƙantar dutsen ce, ya ciccibo ƙato ya maka. Wannan karon igiyar ta fi tudu. Ƙwarya ta karkata har ta ɗan sha ruwa, igiyar ta bugi gaɓa ta koma, ta sake ɗaga ta ta sauke. Ko taku ɗaya ba ta matso ba.

Wata tsohuwa mai wanki da ta gaji da kallon ikon Allah ta ce, "Malam, motsin ne ke zuwa wurinka, ruwan yana nan inda yake. Shi kansa bai taho ba, balle ya yi maka dako. Saura jifa ɗaya ka shuka geronka a tafki." Ya tsaya da dutse na uku a hannu, ya yar. Ya tuɓe rigar, ya naɗe wando, ya shiga. Ashe ruwan da ya ɓata hantsi guda yana jifa iyakarsa ƙugu. Ya ɗora ƙwaryarsa a ka ya fito, tafi ɗaya na gero ya jiƙe, sauran lafiya lau. Kai ma da ka ishi jama'a da aike wurin yayanka kan shirin sulhu, duk wanda ya je sai yayan ya gyaɗa masa kai, ɗan aike ya dawo ya bar shi yana nan inda yake, tuɓe rigar ka shiga. Zuwa da kai ya fi aike.