Ƙanƙarar da Liman Ya Sa wa Hannu

Kun ga Rayyan da takardarsa ta neman sa hannu a ƙofar masallaci a unguwar Small Heath, kuka kawar da kai. Bai karaya ba. Dole hukumar gari ta gina wa yara filin zamiya kan ƙanƙara, sak irin na farko a Ingila! Mutum ɗari uku suka sa hannu, har da Liman, sannan Rayyan ya miƙa ta ga hukumar.

Yana ta washe baki ya kira yayarsa Su'ad, mai karatun tarihi a Manchester.

"Ƙanina, ka san da me aka yi ƙanƙarar filin farkon nan?"

"Ruwa mana, Yaya!"

"Kitsen alade ne da gishiri."

Gobe Juma'a Liman zai yabe shi a huɗuba. Wannan karon kada ku kawar da kai. Ku raka shi ya yi wa Liman bayani.