Gyaran da Aka Ajiye Ba a Saki Ba

Tunda an damƙa maka manhajar ma'aikatarku, bari in ba ka wani misali, ko zai yi maka amfani ranar da yatsanka ya fara ƙaiƙayi.

A wani kamfanin ƙyanƙyasar kaji an yi wata mata mai kula da manhajar da ake shigar da odar masu gonaki. Duk Talata da safe 'yan tsaki ke fitowa, dubu huɗu ko biyar, a zuba su a kwalaye a loda wa motoci. Direba ya buɗe wayarsa ya ga sunan mai gona da lambar da zai kira. Lambar nan ita ce komai, domin adireshin gonakin bai wuce "bayan tsamiya, ka tambayi mai faci" ba, shi kuwa ɗan tsakon kwana ɗaya ba shi da dogon haƙuri a cikin mota in rana ta take.

Manhajar tana da wani hali. In ka yi mata gyara ka ajiye, gyaran yana nan kwance a bayan fage, ba mai ganinsa sai an danna maɓallin saki. Maɓallin kuma ba ya zaɓe: duk abin da ya tarar a kwance, na kowa, gamamme da wanda aka bari a rabi, tare yake koro su waje. Mutum huɗu ke da ikon taɓa manhajar, kuma uku daga ciki sun haɗu a kan aƙida ɗaya, cewa gyaran da ba a saki ba tunani ne kawai. Mutum ya fara, a kira salla ko a kawo abinci, ya ajiye ya tashi, ya manta da zuciya ɗaya.

Wata Litinin manaja ya ce wa matar nan ta ƙara gurbin da zai nuna ko an yi wa 'yan tsaki rigakafi, yana so direbobi su gani gobe. Aikin minti goma ne, ta gama. Kafin ta saki sai ta zagaya ta tambayi sauran ukun ko akwai mai ajiya a ciki. Biyu suka ce babu. Manaja, wanda shi ne na ukun, har ya ɗan ji haushi. "Malama, ni rabona da cikin manhajar nan tun kafin azumi. Ki danna kawai mu wuce wurin." Ta ce, "To, Yallaɓai," ta koma kujerarta, ba ta danna ba. Ba wai ta ɗauke su maƙaryata ba ne. Ta dai yi shekara shida tana aiki da masu gaskiya, ta san iyakar abin da suke iya tunawa.

Sai ta ari wayar wani direba ta jingine ta kusa da kwamfutarta, ta riƙa gwada abin da shi yake gani da abin da ke bayan fage, shafi bayan shafi. Duk inda suka saɓa ta rubuta a takarda: me aka taɓa, wa ya taɓa, yaushe. Manhaja, da yake ba ta san kara ba, tana riƙe da suna da rana. Kafin la'asar ta tara goma sha ɗaya. Yawancinsu ba su da wata illa. Wani ya mayar da kan shafi kore, saboda launin ƙungiyar ƙwallonsa ke nan. Wani ya gyara rubutun sunan wani ƙauye, ya bar shi da sabon kuskure. Na tara ne ya sa ta ajiye biro. An cire gurbin lambar wayar mai gona daga shafin direbobi, da niyyar a sa babba mai ɗaukar lamba biyu. Cirewar an yi ta tsaf. Sawar ce aka bari sai an dawo daga cin abinci, wata uku da suka wuce, wato kafin azumi, daidai yadda mai maganar ya faɗa.

Ta kai wa manaja takardar, ta ɗora yatsa a layi na tara, ba ta karanta sunan ba tunda ya iya karatu. Ya daɗe yana dubawa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, sunan bai canza ba. "Ai wannan gwaji ne nake yi," in ji shi. Ta ce, "Haka na zata, Yallaɓai. A ƙarasa gwajin ne, ko a mayar da gurbin kafin kajin su fito?" Ya ce a mayar. Ya ƙara da cewa shi dama ya daɗe yana faɗa a riƙa dubawa kafin a saki. Ta ce lallai ya faɗa, wataƙila ranar ba ta zo aiki ba.

Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karɓi kayansa. Na ƙarasawa aka ƙarasa, na zubarwa aka zubar, mai kore ya roƙa a bar masa nasa, aka bari. Sannan ta danna. Washegari motoci shida suka fita, kowane direba da lambobinsa, kafin azahar 'yan tsaki na gonakinsu suna shan ruwa a inuwa. Ba wanda ya yaba mata, domin ba abin da ya faru, kuma a ma'aikata ba a cika yin walima a kan abin da bai faru ba.

Mutum uku masu mutunci ne suka ce mata babu, kuma kowannensu ya gaskata kansa. Ita ta duba ta sami sha ɗaya. Shi ya sa Hausawa suka ce gani ya kori ji.