Tela da Kututturen Faskare

Ga wani misali, ka riƙe shi kafin ka sake ɗaga motarka a gida.

An yi wani tela mai hannu, wanda in keken ɗinkinsa ya lalace shi ke kwance shi ya ɗaure da kansa. Da Allah ya hore masa 'yar tsohuwar mota, sai ya ɗauke ta ita ma keken ɗinki ce mai taya huɗu. Shi ke canja mata mai, shi ke wanke filogi, kullum safe ya goge ta da tsumma har mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙofa. Wata Asabar, bayan an kwana ana ruwa, ya ƙudura gyara salansar motar, wato bututun hayaƙinta, wadda ta saki tana jan ƙasa kamar an ɗaura wa motar gwangwani. Ya fito da jak, ya kafa shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar filin gidansa, ya yi ta juyawa har motar ta ɗaga. Ya shimfiɗa buhu, ya tuɓe riga, yana 'yar waƙarsa zai kutsa ƙarƙashi.

To, matarsa, wadda ke sayar da itace a gidan, 'yar bakanike ce, a bakin gareji ta yi wayo tana kai wa mahaifinta abinci. Da ta ga abin da ake ciki sai ta ajiye tsintsiya ta matso. Ba ta ɗaga murya ba. Ta roƙe shi ya sauke motar tukuna, ya tura ta inda ƙasa ta yi tauri kuma ba gangare, ya sa ta a giya, ya ja birkin hannu, ya tokare tayoyin da ke ƙasa da duwatsu gaba da baya, sannan ya sa faffaɗan katako a ƙarƙashin jak ɗin. Telan ya yi dariya, ya ce aikin noti biyu ne, kafin ta gama wannan jawabi da tuni ya fito.

Ta ce, "Malam, Baba yakan ce jak ɗagawa ya iya, bai iya riƙo ba. Ko hannunsa ba ya sawa a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita."

Ya ce to, bari ya jera bulo biyu. Ta ce bulo farfashewa yake yi ba sallama, ta nuna masa ƙaton kututturen maɗaci da ake faskare a kansa. Gaskiyar magana, telan bai gamsu ba. Amma ya san halin matarsa, tana iya tsayawa a nan har azahar, kuma in ta tsaya damun kokonsa ma ya tsaya. Saboda haka ya bi abin da ta ce ɗaya bayan ɗaya yana ƙunƙuni. Ya gangaro kututturen yana nishi, ya cusa shi a ƙarƙashin ƙarfe mai kauri na jikin motar, ya sassauta jak har motar ta sauka ta taɓa shi. Ta sa ya girgiza motar da hannu biyu, ba ta motsa ba. Sai ta koma shararta, shi kuma ya shige ƙarƙashi da sifana.

Ya kwance noti ɗaya ke nan sai ragon da suke kiwo ya tsinke igiya. Ƙato ne, mai ƙaho a murɗe, ya ƙoshi da dusa da harawa. Ya zo wucewa ya hangi wani rago a jikin ƙofar motar yana hararar sa. Ya ja da baya, wancan ma ya ja da baya. Ai sai ya sunkuyar da kai ya sheƙo da gudu ya gabza wa ƙofar tunkuyi. Motar ta girgiza. Kafin matar ta yar da tsintsiya ta iso, ya ƙara na biyu. Jak ya zame daga kan katako ya faɗi gefe, motar ta yi wani kuka ta zauna daram a kan kututturen. Tsatsa da busasshiyar laka suka zubo wa telan a fuska. Yana kwance yana kallon ƙarfen da ya tsaya tazarar yatsu huɗu daga ƙirjinsa.

Da baya da baya ya fito, ya zauna a ƙasa. Ya dubi jak ɗin kwance a gefe, ya dubi kututturen, ya shafa haƙarƙarinsa ya ji suna nan cif. Matar ta ɗaure ragon, ta kawo masa ruwa a moɗa. Da ya sha ya dawo hayyacinsa sai dariya ta kama shi, ita ma ta kama ta, suka yi ta yi har da hawaye. Ya ce ranar Juma'a zai je gaida surukinsa da ƙullin goro, kuma daga yau ta nemi wani wurin faskare, wannan kututture ya zama na mota. Ragon kuwa yana can a turke yana ta huci, bai daina hararar ƙofar da ya lotsa ba.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.