Bayanin da Na Rubuta wa Injin Taubashina

Wallahi ko Alƙur'ani na dafa maka ba za ka yarda layi biyu na rubutu sun kashe karfasa dubu uku ba. Amma tunda kai ma irin aikin aka ba ka, zauna ka ji.

Wata Hajiya ce mai gonar kifi a bayan gari ta sayo manhajar nan mai basira, wadda ake danƙa wa injuna ta riƙa kunnawa da kashewa da kanta. Manhajar ba ta da ido, ba ta taɓa ganin tafki ba. Abin da aka rubuta mata a kan kowane inji shi kaɗai ta sani, da shi take zaɓen wanda za ta tayar. Aka nemi mai rubuta bayanin, na yi wuf na karɓa, ni da na bar makaranta a aji biyar amma duk unguwa Injiniya ake ce mini, kuma ni na raɗa wa kaina sunan. Manyan injunan biyu ne: na zuƙe ruwa, wanda ni na haɗa, da na hura iska, wanda taubashina ya haɗa. To ka san tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, ba a barin dama ta wuce. A kan nawa na rubuta: "Sarkin injuna, maganin kowace damuwar tafki, a fara da shi." A kan nasa kuwa: "Tarkacen bawana, ƙara kawai yake yi, kada a wahalar da kai." Na yi ta dariya ni kaɗai, ina jiran ranar da zai karanta. Hajiya ta ce kafin a jona injunan sai an gwada: a cire wayoyi, a kawo wa manhajar matsaloli iri-iri na ƙarya, a ga wane inji za ta ɗauka a kowacce. Tambaya ɗaya na yi mata, na ce ruwa ya yi datti. Ta zaɓi nawa, kuma daidai ne. Na je na bugi ƙirji gaban Hajiya cewa gwaji ashirin na yi, duk ta cinye.

Ran Juma'a, saura mako guda a kwashe kifi, muka rufe gona muka tafi masallaci. Rana ta take, ruwa ya ɗumama, iskar cikin ruwan ta yi ƙaranci, ma'aunin da ke cikin tafkin ya sanar. Manhajar ta duba abin da aka rubuta mata. Ba ta da taubashi, ba ta san wasa ba. Ta bar tarkace, ta tayar da sarki. Da muka dawo, daga nesa muka hango shirwa na shawagi. Tafki ƙarƙaf, kifaye jibge a kan laka, fararen cikkunansu a sama, ɗaiɗaiku na buɗe baki. Hajiya ba ta yi ihu ba, ta dai tara mu, ta tambayi manhajar dalilinta. Sai ga muryar nan tata mai sanyi tana karanto rubutuna kalma bayan kalma, har da "bawana". Na saci kallon taubashina ko zai yi dariya ya cece ni. Hawaye na gani a idonsa, don shi ya raini kifayen tun suna kamar tsinke. Hajiya ta ce, "Injiniya, nuna mana gwaji ashirin ɗin." Manhajar ta nuno guda ɗaya tal.

Nan take aka ajiye mini wuƙa da daro da kayan itace, aka ce ba ni ba ƙofar gona sai na feɗe su duka na yi banda, ni kaɗai, kafin su ruɓe. Na tsuguna a cikin lakar na ɗauki na farko. Hausawa dai sun riga sun faɗa: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.